Jemagun 37 da Ɗan Kwaɗon da Ya Bar Mana Unguwa

 

Sharhinmu na yau a kan halittu biyu ne, jemage da kwaɗo. Jemagen kun san shi, na bakin Asibitin Sojoji na 37 da ke nan Akra ne, wanda duk mai bin motar haya ta trotro ta nan ya taɓa toshe hanci saboda shi. Kwaɗon kuwa yawancinmu ba mu taɓa sa shi a ido ba. Ba ƙaton nan mai kaushin baya da ke laɓewa bayan randa nake nufi ba. Wani ɗan mitsitsi ne mai hawa ciyawa da ganye. Na san wani dattijo yana can kan benci yana cewa, Malam, me ya haɗa kifi da kaska? To Baba, ba ni na fara haɗa su ba. Imamu Baihaƙi ya ruwaito wata magana daga sahabi Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi, wadda a cikinta ya hana kashe kwaɗi, ya kuma hana kashe jemagu. Akwai kuma hadisin da Abu Dawuda ya fitar, na likitan da ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da sa kwaɗo a magani, aka hana shi kashe shi. Fatawa ta malamai ce, na bar musu abinsu. Ni abin da ya ja hankalina shi ne, su biyun matsala ɗaya ke jiransu kowace shekara, wato rani, amma hanyar da kowanne ya bi ya tsira ta yi hannun riga da ta ɗan'uwansa.

Mu fara da mai surutun. Da rana za ka gan su suna reto a rassan maɗaci da darbejiya da ke gefen titin Liberation, kai ƙasa ƙafa sama, sun cunkushe har reshe na lanƙwasa, wani lokaci ma ya ɓalle. Ba sa barcin kirki. Da tsakar rana ma suna rigima kan wurin kamawa, suna tsuwa, suna fifita da fiffike idan zafi ya matsa. Ƙarƙashin bishiyoyin kuwa, tambayi direban tasi, ba wurin tsayawa ba ne ga wanda ya wanke motarsa da safe. Ana gab da kiran Magariba sai su fara sakin reshe, ɗaya, goma, ɗari, kafin ka ankara sama ta yi baƙi. Wanda ya taɓa yin alwalar Magariba a Babban Masallacin Ƙasa na Kanda cikin watan Janairu, ya ɗaga kai, ya san abin da nake faɗi.

Idan ka samu ka dubi ɗaya a kusa, ba shi da munin da ake ba shi. Doguwar fuska gare shi, da manyan idanu masu sheƙi, gashin wuyansa da kafaɗunsa launin busasshen karan dawa. Nauyinsa bai cika wuce giram 300 ba, amma idan ya buɗe fikafikai, daga wannan baki zuwa wancan yakan kai santimita 75 ko fiye. Masana suna kiransa Eidolon helvum. Maganar da ake yi cewa jemage makaho ne ba ta shafe shi ba ko kaɗan. Ƙananan jemagun nan na cikin silin da soro, masu cin ƙwari, su ne ke sakin ƙara su saurari dawowarta don su gane hanya. Wannan da ido yake tafiya, da hanci yake neman abinci, abincin kuma 'ya'yan itace ne da ruwan fure. Ba ya shan jini, ba ya kuma cin sauro.

Kowane ɗan Akra ya ji labarin yadda suka zo 37. Wai wani sarki ne daga garin Kibi aka kwantar a asibitin, jemagun garinsa suka rako shi, Allah ya yi masa cikawa, su kuma har yau suna jiran a sallamo shi. Labari ne mai daɗi, ba zan ɓata shi ba. Asibitin dai Turawan Ingila suka buɗe shi a 1941, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Amma da jiran mara lafiya suke yi, da ba su riƙa barin wurin ba, alhali kuwa suna bari. Masu bincike na cibiyar Max Planck ta Jamus, tare da 'yan Gana irin su Michael Abedi-Lartey, sun ɗauki shekaru suna ƙirga su wata-wata. Da rani sun ƙirga wajen 150,000. Da damina ta kankama sai adadin ya faɗi zuwa 'yan dubbai kawai. Ashe yawancinsu baƙi ne.

Waɗannan masu binciken sun ɗaura wa wasu daga cikinsu wata 'yar na'ura mai nuna inda suka bi cikin dare. Sakamakon da suka fitar a 2015 ya ba da mamaki. Da damina, 'yan kaɗan da suka rage ba sa nisa, a lambunan birni suke kiwo, darbejiya nan, mangwaro can, gwanda, ɓaure. Da rani kuwa, baki ya yi yawa, abincin kusa ba ya isa, sai su nausa neman furen rimi. An samu wanda ya yi nisan da ya wuce kilomita 80 daga 37, kusan tafiyar Akra zuwa Koforidua ke nan, ya ci ya ƙoshi, ya juyo, asuba ta same shi a reshensa.

Ga inda nake so iyayenmu mata na kasuwar unguwarmu ta Nima su kasa kunne. Jemage idan ya ci ɓaure ko wani ɗan itace mai ƙananan ƙwayoyi, yakan haɗiye ƙwayoyin, ya tashi da su a ciki, ya kasayar da su yana cikin tafiya. Biri da tsuntsu suna yin irin wannan aiki, amma ba sa nisa, kuma yawancinsu ba sa son ƙetare fili. Shi kuwa ya ƙetare gona, ya ƙetare titi, ya ƙetare dajin da aka sare ƙurmus, ya zubar da iri a can. An lissafa cewa yana iya kai iri nisan kilomita 75. Wani bincike na 2019 ya ƙiyasta cewa taron Akra, idan ya cika, yana watsa ƙwayar iri fiye da 300,000 a dare guda, abin da zai iya farfaɗo da daji mai faɗin hekta 800 a shekara. Cikin itatuwan da ke cin moriyarsa har da loko, wanda kafintocin nan ke kira odum, katakon da mai kuɗi ke nema idan zai yi ƙofar gida.

Sai kuma fure. Furen kuka fari ne, yana reto ƙasa, da yamma yake buɗewa, kafin wata yammar ya yi yaushi. Dare ɗaya gare shi, baƙon da yake jira kuma jemage ne, wanda zai cusa fuska ya sha ruwan, ya kwashi garin fure a gashinsa ya kai wa wata kukar. Haka rimi. Haka ɗorawa da jan furenta. A nan ƙasar ma aka tabbatar da zancen ɗorawar, domin a shekarun 1950 wasu malaman jami'a biyu, Baker da Harris, sun yi ta kwana gindin ɗorawa suna kallon jemagu masu cin 'ya'yan itace suna zuwa kan furen. Idan fure bai ɗauka ba babu kalwa, idan babu kalwa babu daddawa. Saboda haka Hajiya, ranar Laraba idan kin baje daddawa da garin kuka a kasuwa, ki san akwai hannun wannan mai warin a cikin cinikinki. Ban ce shi kaɗai ke aikin ba, ƙudan zuma ma na taɓawa, amma rabonsa ba ƙarami ba ne.

To ina suke tafiya idan sun bar 37? Arewa suke yi, suna bin ruwa, suna bin nunar 'ya'yan itace, har cikin ƙasashen ciyawa. A Wagadugu da damina ake ganin taronsu. Irinsu ne kuma ke haɗuwa miliyoyi a dajin Kasanka na ƙasar Zambiya daga Oktoba zuwa Disamba, kuma cikin waɗanda aka sa wa na'ura a can an samu wanda ya yi tafiyar fiye da kilomita 2,000. A taƙaice jemagen 37 ɗan ci-rani ne. Rani ya yi ya gangaro kudu, ya kama ɗan wuri a cunkushe da 'yan'uwansa, ya fita nema da nisa, 'yan gari na ƙorafin ya cika hayaniya da ƙazanta, ruwa ya faɗi ya koma arewa. Mu mutanen zango, da kakanninmu suka sauko ta Salaga da Kumasi da jakuna da huhun goro, ya kamata a ce mun fi kowa gane wannan rayuwa, mun kuma fi kowa sassauta masa harshe.

Yanzu ga na biyun. Sunansa a wurin masana Hyperolius nitidulus, wani Bajamushe mai suna Wilhelm Peters ya fara rubuta bayaninsa a 1875. Babbansu bai cika wuce santimita 3 ba. Fatarsa sumul take, bayansa ruwan ƙasa mai haske, cikin cinyoyinsa ja, kan kowane yatsa kuma akwai ɗan faifai mai manne wa abu, da shi yake hawa karan ciyawa ko bayan ganye ba tare da ya zame ba. Gidansa filayen ciyawa ne na Afirka ta Yamma, kuma kun san a nan Akra ciyawar ta gangaro har bakin teku, ba kamar Takoradi ko Axim masu kurmi ba. Da damina mazan ke hawa ciyawar bakin tafki da dare, su hura maƙogwaro, su yi ta wani kuka siriri mai kaifi, ƙil, ƙil, ƙil, ɗaruruwa a lokaci guda. Wani abin dariya, farkon kiɗan nasu yakan zo daidai da watan da sarakunan ƙabilar Ga ke hana kiɗa da hayaniya kafin bikin Homowo, wajen Mayu zuwa Yuni. Har yau ba a kama ko ɗaya ba.

Macen takan sa ƙwai ɗaruruwa a cikin ruwa, manne da ciyawa. Su ƙyanƙyashe su zama talibambam, bayan mako 6 zuwa 8 ƙafa ta fito, wutsiya ta ɓace, su hau tudu. Waɗanda suka fito da wuri sukan balaga cikin daminar nan su hayayyafa. Amma idan ruwa ya ɗauke, tafki ya ƙafe, manyan duk mutuwa suke yi. Zuriyar gaba ɗaya tana rataye a wuyan 'yan autan da suka fito ƙarshen damina, waɗanda tsawonsu bai kai santimita 2 ba.

Me za su yi? Ba su da fiffike. Sauran kwaɗi sukan tona rami su shige, ko su nemi ƙarƙashin dutse. Wannan kuwa sai ya hau busasshiyar ciyawa, a fili, cikin rana, ya naɗe ƙafafunsa ƙarƙashin ciki, ya manna jikinsa, ya runtse ido, ya yi shiru. Wata da watanni. Hunturu ya busa a kansa, zafin Maris ya gasa shi, a wuraren da ma'aunin zafi ke haura digiri 40. Ba ya cin komai. Ba ya fitsari, domin fitsari asarar ruwa ne. Wani malami daga Jami'ar Wurzburg ta Jamus, Eduard Linsenmair, shi da ɗalibansa sun shafe shekaru a gandun dajin Komowe na arewacin Kodebuwa suna bin diddigin yadda yake yi, ga kuma abin da suka gano. Dattin da ya kamata ya fita ta fitsari, jikin kwaɗon yakan mayar da wani kaso nasa wani sinadari mai suna guwanin, irin wanda ke sa ɓawon kifi ƙyalli, ya jera shi cikin fata. Idan rana ta take, sai kwaɗon ya koma fari fat, hasken ya doki fatar ya koma. Abin da zai zame masa guba, shi ya zame masa inuwa. Jan nan na cikin cinya kuwa jijiyoyin jini ne birjik, yana ɓoye su sai ranar da raɓa ko yayyafi ya sauka, ya buɗe ya tsotse ruwan ta fata cikin ɗan lokaci. Kwaɗo dai ba ya shan ruwa da baki. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Kada kuma ku ɗauka a sume yake. A 2002 waɗannan masu binciken sun fitar da wani gwaji. Sun naɗi ƙarar gobarar daji, ƙas-ƙas ɗin nan na ciyawa tana ci, suka kunna wa 'yan kwaɗin da ke manne. Sai ga su sun warware ƙafa, sun yi tsalle sun nufi inda wuta ba za ta kai ba. Halittar da ta yi watanni ba ta motsa ba, ashe kunnenta a buɗe yake.

To wanne ya fi shiga haɗari a cikinsu? Idan aka bi takarda, jemage ne, kuma dalilin haihuwa ce. Jemagen nan ɗa ɗaya tak take haifa a shekara. Ana barbara tun farkon damina, amma cikin ba ya fara girma sai bayan watanni, don haihuwa ta faɗo ƙarshen rani, gab da lokacin da abinci zai wadata. Ta haifa ta rungume shi a ƙirji, ta shayar da shi nono, ta tashi da shi. Halittar da ke haihuwa haka, idan aka kashe dubu, sai an yi shekaru kafin gurbin ya cika. Ana kuwa kashewa. Wani bincike na 2011 ya ƙiyasta cewa ana sayar da jemagu wajen 128,000 a shekara a kudancin Gana don nama, ana yin bandarsu a kai kasuwa. Mu ba cimarmu ba ce, amma ƙasa ɗaya muke. Shi ya sa ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa shi cikin jerin waɗanda ke dab da shiga barazana. Ga kuma wani rauni. Da yake a wuri ɗaya suke taruwa, injin sare itace guda zai iya tarwatsa taron da ke shuka daji mai faɗin gaske. An sha datse rassa a yankin 37, an sha harbi don a kore su, sun watse sun dawo. Amma bishiyar da aka tumɓuke ba a dawowa kanta.

Kwaɗon namu kuwa, a takarda lafiyarsa ƙalau. Yana da yawa a ƙasashe da dama, kuma damina ɗaya mai kyau ta isa ya cika fadama. Sai dai takarda ba ta zaune a Nima. A nan jemagen da muke zagi yana nan daram, kwaɗon da ba wanda ya taɓa zagi shi ne babu.

Ku tambayi dattawa yadda wurin nan yake a da. A farkon shekarun 1930, lokacin da Malam Amadu Futa ya sami izinin zama daga iyalin Odoi Kwao na Osu, Nima makiyaya ce, inda ake tsayar da shanu su huta kafin a shigar da su kasuwar birni. Inda shanu ke kiwo akwai ciyawa, akwai ruwa. Babbar gotar nan da ta ratsa Nima da Mamobi rafi ce tun asali, tana gangarawa ta faɗa kogin Odaw, Odaw ta kai tafkin Korle, Korle ta kai teku. Rafi mai ciyawa a baki da 'yan kududdufai a gefe, irin wurin da wannan kwaɗo ke nema ke nan. Yau ku leƙa ku gani. Siminti hagu da dama, ruwan baƙi ƙirin, ledar fiya-wata, ruwan wanki, baƙin mai daga garejin makanikai, da abin da ba a faɗa a rediyo. Na ce ku riƙe maganar fata. Wanda ke sha ta fata, yake kuma numfashi ta fata, ba shi da yadda zai ce wannan ruwan ban so. Abin da ke cikin gota shi ke cikin jininsa. Ƙwansa ba shi da ɓawo, sabulu kaɗan ya isa. Jemage idan wuri ya ɓaci ya buɗe fiffike. Wannan duk duniyarsa ba ta wuce tsakanin tafki da ciyawar gefensa ba, idan aka zuba kankare a kai zance ya ƙare.

Wani zai ce, ai muna jin kukan kwaɗi idan an yi ruwa. Gaskiya ne, amma saurara da kyau. Mai kaurin muryar nan, kwarrr, kwarrr, shi ne na bayan randa, mai taurin rai, wanda ke iya haƙuri da ruwan da ba shi da kyau. Siririyar muryar sai ka fita bayan gari, wajen fadamun hanyar Dodowa da duwatsun Shai. Wuraren ma da gwamnati ta keɓe saboda ruwa da tsuntsaye tun 1992, irin su Sakumono da bakin Densu, gini na cin su ta kowane gefe. Ba a nan kaɗai ba ne. Ƙididdigar duniya ta 2023 ta nuna kusan kashi 41 cikin 100 na nau'o'in kwaɗi da danginsu suna fuskantar barazanar ƙarewa, babu wani rukunin dabbobi masu ƙashin baya da ya kai su.

Ni ba don tausayin kwaɗo kaɗai nake wannan magana ba. Fadamar da yake haihuwa a ciki ita ce ke shanye ruwan sama ta sake shi a hankali. Idan aka cike ta aka yi gini, ruwan ba ya fasa zuwa, hanya kawai yake canzawa, ya biyo gota da gudu, ya tarar leda ta toshe ta, ya shigo ɗaki. Ba wanda ya manta daren 3 ga Yuni 2015, da ambaliya ta haɗu da gobara a yankin Circle na Akra, mutum fiye da 150 suka rasu. Allah ya jiƙan musulmin cikinsu, ya ba iyalan kowa haƙuri. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Na san kuma za a ce kududdufi gidan sauro ne. Haka ne, ba kuma zan yi muku ƙaryar cewa kwaɗo zai kawar da zazzaɓin cizon sauro ba. Yana cin ƙananan ƙwari, iyakarsa ke nan. Amma akwai bambanci tsakanin tafki mai rai, wanda ƙananan kifi da ƙwarin ruwa ke cinye tsutsar sauro a ciki, da ruwan da ya kwanta cikin tsohuwar taya ko gwangwani, inda sauro ba shi da abokin gaba ko ɗaya. Na biyun ne ya cika mana lunguna.

Sai kuma ruwan da muke sha. Kibin nan da aka ce daga can jemagu suka fito, tana gindin dajin Atewa, inda kogunan Densu da Birim da Ayensu suka samo asali, Densu kuwa ita ke cika madatsar Weija da wani ɓangare na Akra ke sha. A 2021 Caleb Ofori-Boateng da abokan aikinsa suka bayyana wani sabon nau'in kwaɗo a rafukan dajin, wanda ba a san shi ko'ina a duniya ba sai nan, suka sa masa sunan garin Sagyimase. A wannan dajin ne kuma ake ta ja-in-ja kan haƙar ma'adinin bokzait. Duk wanda ke buɗe famfo a birnin nan yana da ruwa da tsaki a wannan magana, ko ya taɓa ganin kwaɗon ko bai taɓa ba.

Saura batun cuta, don kada a ce na yabi jemage na ɓoye aibinsa. Masu tsoro suna da hujja. Tun 1956 aka gano wata ƙwayar cuta dangin ta haukan kare a jikin irin wannan jemage a Legas. A 2008 kuma an ba da rahoton samun alamar wasu ƙwayoyin, dangin Nipah, a jinin jemagun Akra. Cutar Marburg da ta ɓulla a yankin Ashanti a Yulin 2022 kuwa, wani jemage ne daban aka sani da ɗaukar ta, mai kwana a kogo da ramin ma'adinai, ba na kan bishiya ba. Haɗarin yana wurin taɓawa, wato mai farauta, mai feɗewa, da yaron da ya ɗauki wanda ya faɗo. Wucewa ƙarƙashin bishiya ba ya cikin wannan lissafi. Korar su da bindiga kuma, a ganina, ita ce dabara mafi muni, domin taron da ke wuri ɗaya sananne sai ya watse cikin unguwanni, ya sauka kan mangwaron gidan kowa.

Saboda haka iyaye, a ja kunnen yara, musamman masu yawo da danƙo wajen Kawukudi da 37. Wajen Maris da Afrilu lokacin haihuwa ne, 'ya'yan sukan suɓuce su faɗo, yaro kuma ya ga abin wasa. Kada a ɗauka da hannu. Wanda ya mutu, a sa shebur a binne shi, kada a bar wa kare ko kyanwa. Mangwaro ko gwandar da aka ga an gatsa a kan bishiya, a bar ta, ba a yanke gefen a ci sauran. Idan kuwa tsautsayi ya sa jemage ya ciji mutum ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a wuce asibiti ranar nan, a kuma faɗa wa likita cewa jemage ne, kada a ji kunya.